Shan Iska da Sadaka a Tsibirin Zanzibar

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara kafuwa a tsakanin masu hali, Turawa da Larabawa har da mutanenmu na Kano da Kaduna da Abuja, watau idan aka rufe makarantu sai uba ya ɗauki ɗansa wanda ya fara tasawa, ko uwa ta ɗauki 'yarta, su haye jirgin sama zuwa wani tsibiri mai farin rairayi da itatuwan kwakwa domin su huta, sa'an nan a cikin akwatunan tafiyar su ware wani gefe su cika shi da littattafan rubutu da alƙaluma da tufafi, da nufin su raba wa mabukatan wurin kafin su komo. Babu mai shakkar kyawun wannan niyya, domin mahaifin da ya ƙi yarda ɗansa ya je ƙasar mutane ya ci ya sha ya dawo ba tare da ya waiwayi talakawanta ba, lalle yana da himmar tarbiyya. Sai dai kyauta tana da ladubba da sharuɗɗa kamar sauran ibadu, kuma wanda ya jahilce su yana iya cutar da mutum alhali yana zaton taimakonsa yake yi. Na zaɓi in yi magana a kan Zanzibar saboda tana cikin wuraren da mutanenmu suka fi nufa yanzu, kuma saboda mafi yawan mazaunanta Musulmi ne, har baƙo daga ƙasar Hausa yakan ji kiran sallar asuba daga ɗakinsa kamar yana gida.

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya, manyansu biyu su ne Unguja, inda babban birni yake, da Pemba, wadda ta shahara da noman kanumfari. Daga Darussalam jirgin ruwa yakan kai mutum cikin kamar sa'a biyu, wanda kuwa ya taso daga Kano yakan bi ta Adis Ababa ya sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9. Tarihinsu mai tsawo ne, ga shi da daɗi da ɗaci. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin Unguja akwai masallaci wanda rubutun Kufi da ke jikin bangonsa yake ɗauke da shekara ta 500 ta Hijira, daidai da 1107 Miladiyya. A wajen 1840 Sayyid Sa'id bin Sultan na Oman ya mai da fadarsa daga Maskat zuwa nan, birnin ya bunƙasa da cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi, har zuwa 1873 lokacin da Sarki Bargash ya rufe kasuwar bayi ta Mkunazini, inda daga baya aka gina babbar majami'ar Angilikan. Ingila ta karɓi ikon tsibiran a 1890, suka sami mulkin kai a watan Disamba na 1963, aka yi juyin juya hali mai zubar da jini a ranar 12 ga Janairu 1964, sa'an nan a watan Afrilu na wannan shekara aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Tsohon birnin, mai ƙunƙuntattun lunguna da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Na kawo wannan tarihi ne domin shi ne abu na farko da ya wajaba uba ya sanar da ɗansa tun kafin a ɗaure kaya. Yaron da ya san cewa mutanen nan sun yi fiye da shekara 900 suna gina masallatai, suna tuƙa jiragen katako zuwa Indiya da ƙasashen Larabawa bisa lissafin iskar damina da ta rani, ba zai dube su da idon tausayi kaɗai ba, zai dube su da idon girmamawa, kuma daga wannan kallo ne ladabin kyauta yake farawa.

To, amma gaskiya ce cewa a bayan kowane babban otal na bakin teku akwai ƙauye, kuma tsakanin katangar otal da ƙauyen akwai tazara wadda ba a auna ta da taku. Wata ƙungiya ta Ingila mai suna Tourism Concern ta fitar da rahoto a 2012 game da ruwan sha a wuraren yawon buɗe ido, inda ta nuna cewa a ƙauyukan Nungwi da Kiwengwa gida guda na mutanen gari ba ya kaiwa ga lita 100 a yini, alhali ɗaki guda a manyan otal yana cin fiye da lita 3,000, idan aka haɗa da wanka da wanki da ban ruwan furanni da wurin ninƙaya. Rijiyoyin tsibiri kuwa ba kamar na tudu ba ne, domin idan aka matsa musu da zuƙa sai ruwan gishiri ya kutso ya ɓata su, kuma talaka ne yake fara ɗanɗana gishirin.

Wanda yake son ɗansa ya ga yadda ake neman halali a wannan wuri, ya tashe shi da sassafe a Paje ko Jambiani, a gabashin Unguja, a lokacin da teku ta janye ta bar fili fari fat iyakar ganin ido. Zai ga mata sun ɗaura zane sun yafa mayafi, sun yi nisa cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, wasu a zaune a cikinsa, suna ɗaura ƙananan rassan ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka miƙe tsakanin turaku, kowace ta san iyakar gonarta ko da yake ba shinge. Bayan kamar mako shida sai su girbe, su ɗauko a buhuna a ka yana zubar musu da ruwa a wuya, su shanya a rana har ta bushe, sa'an nan su sayar wa kamfanonin da ke fitar da ita waje a sarrafa ta cikin man goge baki da abinci da man shafawa. Wannan sana'a ta kafu a nan ne tun 1989, kuma ita ce ta fara sa kuɗi a hannun matan ƙauyukan da yawa. Sai dai gishiri yana cin fatarsu, hasken ruwa yana cin idanunsu, kuma ɗumamar teku ta kashe irin da ya fi tsada a ruwa maras zurfi, ta bar musu mai araha. Sa'a guda a tsaye a wurin nan, da sallama da tambaya cikin ladabi, ta fi wa matashi amfani bisa wa'azin wata guda a kan godiyar Allah.

Yanzu sai mu zo ga yadda akasarin baƙi suke bayarwa, wanda a ganina shi ne inda ɓarna take. Motar masu yawo takan tsaya a bakin ƙauye, yara su yanyame ta, a sauke gilashi a riƙa miƙa alewa da biro da 'yan canji, wani na ɗaukar hoto, mai ƙarfi ya ture maras ƙarfi, a tashi mota kowa yana murmushi. Abin da baƙon bai tsaya ya gani ba shi ne, yaron da ya gane cewa bakin titi yana biya ya fi aji, gobe ba zai je makaranta ba, kuma iyayen da suka yi shekaru suna koya wa 'ya'yansu kamun kai sun ga an rushe musu aiki cikin minti biyar. Mu da muka san yadda bara take cinye ƙuruciyar yaro a titunan garuruwanmu, bai kamata mu haye teku mu je mu shuka irinta a ƙasar wasu ba.

Akwai kuma ziyarar gidajen marayu, wadda take da taushi a zuciya amma take da haɗari. Ƙungiyoyin da suka daɗe suna bincike a kan wannan, irin su Lumos, sun bayyana cewa a duniya kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da aƙalla mahaifi guda a raye, talauci ne ya raba su da gida. Kuma a wasu ƙasashe an sami masu buɗe gidajen domin kuɗin baƙi kawai, har ƙasar Ostareliya, lokacin da ta kafa dokarta ta yaƙi da bautar zamani a 2018, ta lissafa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar. Ba ina tuhumar kowane gida ba ne, akwai na kirki masu riƙon amana. Amma ko a na kirkin, yaron da baƙo ya rungume shi yau ya tafi gobe, wani ya zo jibi ya tafi gata, ana koya masa rabuwa ne a kai a kai, alhali kafalar maraya da shari'a ta kwaɗaitar a kanta dawwama take bukata.

Malamanmu sun riga sun shimfiɗa ƙa'idojin da za su fitar da matafiyi daga wannan ruɗani, in da za a koma gare su. Da farko sai ya bambance tsakanin zakka da sadakar taɗawwu'i, domin a mazhabar Malikiyya ana raba zakka ne a inda ta wajaba ko kusa da shi, ba a ɗauke ta zuwa nisan da ake ƙasaru sai idan mutanen can sun fi tsananin bukata. Saboda haka kada mutum ya kwashe haƙƙin miskinan unguwarsu ya kai bakin teku, ya bar maƙwabci, ya kuma bar dangi waɗanda ba su sadaka take haɗa lada biyu, na sadaka da na zumunci. Abin da za a kai Zanzibar ya fito daga kuɗin hutun kansa. Na biyu, Suratul Baƙara ta yi gargaɗi bayyananne cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma ta haɗa mai yin su da mai riya. Ni kuwa ban ga abin da ya fi kama da gori a wannan zamani ba kamar a ɗora fuskar ɗan wani a Instagram yana riƙe da littafin da aka ba shi, ba da izinin iyayensa ba, domin abokai su yaba. Matashin yau da waya a hannu ya tashi, kuma idan ubansa ya iya sa shi ya mai da ita aljihu a lokacin bayarwa, ya koya masa ihlasi a aikace.

Hanyar da ta fi dacewa ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. Tun ana saura wata guda ko biyu a rubuta wa shugaban wata makaranta, ko limamin masallacin ƙauyen da za a sauka, ko wata ƙungiya da aka san ta da aiki a wurin, a tambaye su abin da suke bukata. A kan wannan tunani ne aka kafa ƙungiyar Pack for a Purpose a Amurka, wadda take wallafa jerin abubuwan da makarantu da asibitocin kowane wuri suka nema da bakinsu, domin matafiyi ya kawo abin da aka roƙa. A Zanzibar akwai hukumar gwamnati mai kula da waƙafi da dukiyar amana, akwai shirin makarantun yara ƙanana na madarasa wanda Gidauniyar Aga Khan ta daɗe tana tallafawa, akwai kuma ƙungiyar HIPZ da ta yi aiki da asibitocin Makunduchi da Kivunge. Kuma in an sami jerin, ya fi kyau a sayi kayan a can, a kasuwar Darajani ko shagunan birni, domin littafin ya dace da tsarin karatunsu, ɗan kasuwar garin ya sami ciniki, a kuma huta da kuɗin awon kaya a filin jirgi. A miƙa wa malami a ofishinsa, shi ya san wanda ba shi da shi, shi zai raba bayan baƙi sun tafi.

Duk wannan aiki kuwa, a ra'ayina, yaron ne ya kamata ya yi shi, uban ya tsaya a baya yana duba. Ɗan shekara 15 galibi ya kai munzalin da shari'a take ɗora masa nauyi, saboda haka ya isa ya rubuta wasiƙa, ya riƙe lissafi, ya sa wani abu daga ajiyarsa, ya yi ciniki a kasuwa. Watakila zai ce, "Baba, ai da mun ba yaran da hannunmu, mu ga farin cikinsu." Sai uban ya amsa masa da cewa, "Ɗana, in don mu gani ne, to kanmu muka yi wa. Da kai ne a ajin nan, za ka so a kira ka gaban baƙo a ba ka fensir ana ɗaukarka hoto?" Yaro mai hankali ba ya bukatar a ƙara masa bayani bayan wannan.

Sa'an nan kada a manta cewa mafi yawan abin da baƙo yake bari a tsibiri ta hanyar ciniki yake barinsa, kuma a nan ma akwai ihsani. Wanda ya sauka a masaukin ɗan gari, ya ɗauki ɗan jagora mai lasisi ya biya shi da kyau, ya ci gasasshen kifi a dandalin Forodhani da dare, ya sayi sabulun ciyawar teku daga hannun matan da suka yi shi, ya sayi kanumfari da kirfa da masoro a gona ba tare da ya matse mai sayarwa a kan abin da bai kai kuɗin shayinsa ba, ya taƙaita wanka, ya hana a wanke masa tawul kullum, ya kuma suturta jikinsa idan zai shiga gari, wannan ya taimaki gidaje da dama ba tare da ya sa kowa ya sunkuyar da kai ba. Ba kuma laifi ba ne su huta, su je dajin Jozani su ga jajayen birai waɗanda asalinsu na wannan tsibiri ne, su haye zuwa Changuu su ga manyan kunkuru, su yi iyo har su gaji, domin hutu halal ne kuma ba ya bukatar a yi masa kaffara.

Abin da nake roƙon duk mahaifin da ke shirin irin wannan tafiya shi ne, kafin ya sayi tikiti ya zaunar da ɗansa su rubuta wasiƙar tambaya tare, kuma idan sun dawo gida, ya sa shi ya nemi makarantar firamare ko ta allo mafi kusa da ƙofar gidansu, ya je ya yi wa malaminta irin tambayar da ya yi wa na Zanzibar.