Manhajar sata: gyaran da mai shago ke yi maka

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfutar cinya ta hannu a Titin Beirut a Kano ya san yadda ciniki ke ƙarewa. An taya, an sallama, sai mai shago ya ce, "Alhaji, bari yaro ya loda maka komai, gyara ne." Yaro ya zaro filas daga aljihu, kafin ka gama shan ruwan leda an zuba maka Windows da Office da CorelDraw da Photoshop. Kayan da kuɗinsu na halal zai iya fin na kwamfutar kanta, ga su an ba ka kamar gyaran tumatir.

Ka lura da abin da yaron ke fara yi: kashe manhajar tsaro ta kwamfutar. Dole ya kashe ta, domin in tana aiki za ta cafke ɗan shirin da ake ɓalle makullin da shi, irin su KMSPico. In ka yi magana ya ce, "Rabu da ita, Alhaji, ƙarya take yi." Shi ma bai sani ba. Daga filas ɗin wani ya kwafo, wancan kuma daga wani shafin intanet da ba a san mai shi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya kwana yana fasa manhajar kamfani ya raba wa duniya, yana da inda yake fanshewa.

Na ga inda ake fanshewar a wani shagon buga takardu kusa da wata jami'a, daidai lokacin da ɗalibai ke miƙa furojet. Mai shagon ya sauko da fasasshiyar manhaja da daddare. Da safe ko takarda ɗaya ta ƙi buɗuwa, kowacce an liƙa mata wasu haruffa huɗu a wutsiyar suna, ga wata 'yar wasiƙa da Turanci a kowace jaka. Wata ɗaliba na tsaye riƙe da kuɗin bugu, tana cewa, "Malam, babi na huɗu nan kaɗai yake." Wannan cuta sunanta STOP ko Djvu, ta yaɗu tun 2018, kuma fasassun manhajoji ne babbar hanyarta. Tana garkuwa da takardunka ta nemi kuɗin fansa; a baya takan nemi dala 980, ko 490 in ka tuntuɓi masu ita cikin awa 72. Sau da yawa tana zuwa da 'yar rakiya mai kwashe kalmomin sirrin da ka adana, na imel da Facebook da banki.

Abin takaicin, da yawa daga cikin kwamfutocin hannun nan ba sa ma buƙatar Windows ta sata. Tun zamanin Windows 8, a 2012, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo ke dasa lasisin a cikin allon na'urar. In aka sauko da Windows ta asali daga shafin Microsoft, wadda ta dace da lasisin, sai ta kunna kanta da zarar ta hau intanet. Ganda ce kawai da sabo ke sa a ɗora ta sata a kan ta halal.

Sai maganar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa. A kasuwa "Core i5" kawai ake kira, kamar a ce maka mota Corolla ce ba a faɗi shekararta ba. Dubi lambar da ke biye. i5-3320M zubi na 3 ne, na 2012. i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017. Wannan bambanci ya zama na tsaro yanzu, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 take farawa, ban da 'yan ƙalilan. In ka ga Windows 11 a kan zubi na 4, tura ta aka yi ta taga.

A kan manhajar sata kuma, doka ma ba ta goyon bayanka: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da mafita. LibreOffice kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce. GIMP na gyaran hoto. Tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, Linux Mint na tafiya a kanta lafiya lau. In kuma an riga an loda maka, kwashe takardunka zuwa wani filas da ba ya kwana a jikin na'urar, a goge komai a sake zubi, sannan ka sauya kalmomin sirrinka, ka fara da na imel.