Baƙar Kwalba A Briqueterie: Wadda Ta Fi Zaƙi Tana Iya Zama Wadda Ta Fi Bugarwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka daga jirgin ƙasan Ngaundere da safe a Yawunde ya san inda ƙafarsa za ta kai shi, wato unguwar Briqueterie, wadda mutanen gari ke kira La Brique a taƙaice. Sunan ya samo asali ne daga wata masana'antar bulo ta zamanin Turawa, amma a yau an fi sanin unguwar da babban masallacinta da shagunan atamfa da shadda da teloli, sai kuma tsire, wanda a nan ake ce wa soya. Bayan sallar isha'i hayaƙin gashi yakan turnuƙe bakin titi, kuma da wuya ka ga benci ba tare da wani ya ajiye baƙar kwalbar malta mai raɓa kusa da takardar namansa ba.

Wannan kwalba ce za mu duba a yau, domin haja ce da ke ratsa iyaka ta Mubi da Banki da Gamborun Ngala, kuma da yawa daga masu sayar da ita ba su san yadda ake yinta ba, balle su rarrabe ta da wata 'yar uwarta da ke kama da ita kamar an tsaga kara.

Iyayenmu mata sun san sirrin tun kafin a kafa kamfani. Idan za a dama kunun zaƙi, akan jiƙa hatsi a rufe shi har ya tsira, a shanya, a niƙa, sai wannan tsiro ya narkar da kaurin kunun ya mai da shi zaƙi ba tare da an zuba sukari ba. To, malta ke nan. Kamfani yana jiƙa sha'ir ko dawa ya tsira, ya busar, ya gasa wani kaso har ya yi duhu, sannan ya dafa ya tace. Daga nan hanya ta rabu biyu. Idan aka ƙara sukari da iskar gas aka rufe kwalba aka dumama ta don kashe ƙwayoyin cuta, an sami lemo. Idan kuwa aka zuba yis aka bar ruwan ya kwana ya yini, yis ɗin zai cinye sukarin ya mai da shi barasa, kamar dai yadda ake yin burkutu, ko bilbil a ƙasar Marwa. Bambancin ke nan, kuma ba a launi yake ba.

Masu shan malta a Briqueterie suna da nasu ƙa'idoji, ko da ba su rubuta su ba. Ba a son ta da sanyin ƙanƙara, domin sanyi mai yawa yana kashe ƙamshi, harshe ya ji zaƙi kawai. A zuba ta a kofi a karkace, a bar kumfar ta kwanta, sannan a shinshina. Mai kyau tana ƙamshin ƙanzo da mazarƙwaila, da ɗan burodin da ya fito daga tanda, a ƙarshen kurɓi kuma ta bar ɗan ɗaci a maƙogwaro wanda ke hana zaƙin gundura. Wannan ɗacin ne ke sa ta dace da yajin tsire da kitsen tozo. Ni dai a nawa bakin Malta Guinness ta fi ƙauri, Maltina ta fi laushi, Amstel Malta kuma ta fi su sauƙin zaƙi, amma wannan gardama ce da ba ta ƙarewa a majalisa. Masu haɗa ta da madarar gwangwani wai don ƙarin jini su sani cewa abin da ya fi yawa a cikinta sukari ne, mai ciwon suga ya yi hattara.

Maltina ta fito ne a 1976 daga kamfanin Nigerian Breweries, Malta Guinness ta shiga kasuwar Nijeriya a 1990, Amstel Malta ta biyo baya a 1994. A tsakanin nan ne, a 1988, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, abin da ya tilasta wa kamfanonin komawa ga dawa da masara, kuma dillalan hatsi na Arewa suka samu babban mai saye. A nan Kamaru, Malta Guinness tana fitowa ne daga Duwala, kuma a 2022 kamfanin Diageo na Ingila ya sanar da sayar da Guinness Cameroun ga Castel na Faransa, mai kamfanin Brasseries du Cameroun da aka kafa tun 1948. Duk waɗannan kamfanoni dai giya ce babbar sana'arsu, shi ya sa akwai alhazan da ba sa ajiye malta a shagonsu sam, wasu kuma suna ganin abin da ke cikin kwalbar shi ne abin dubawa. Wannan sai mutum ya tambayi malaminsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne manyan kantunan Yawunde da Duwala, inda ake jera kayan Turai. A can za ka ga wasu gajerun kwalabe baƙaƙe, an zana musu hasumiya ko wani dattijo mai doguwar riga, an rubuta Abbaye ko Trappiste ko Brune ko Dubbel. Giya ce ta gidajen 'yan zuhudun Kirista na ƙasar Beljiyam, wasu su ne ke dafa ta da kansu don ciyar da gidajensu da ayyukan taimako, wasu kuma kamfanoni ne ke amfani da sunan gidan. Masu ɗanɗana ta suna yabon ta da ƙamshin dabino da busasshen inabi da narkakken sukari, kusan kalmomin da mai shan malta zai yi amfani da su. Sai dai masu dafa ta suna ƙara sukari ne domin yis ya samu abinci ƙarfinta ya ƙaru. Leffe Brune tana da barasa kashi 6.5 cikin 100, Westmalle Dubbel kashi 7, Chimay mai shuɗiyar takarda kashi 9, Rochefort 10 kuwa kashi 11.3, alhali giyar da aka saba gani a mashaya ba ta cika wuce kashi 5 ko 6 ba. Zaƙin yana ɓoye ƙarfin, wanda bai sani ba zai iya kurɓa har sau biyu kafin ya farga.

Ba sai an je Beljiyam ba ma. Baƙar giyar Guinness mai kashi 7.5 suna ɗaya take ɗauke da shi da Malta Guinness, kuma yaron shago da ba ya karatu, ko mai loda mota cikin dare, yana iya cakuɗa kiret. Idan irin wannan kaya ya isa Maiduguri ko Kano, inda dokar shari'a ta hana sayar da giya, ba asarar kuɗi kawai mai shi zai yi ba, har da sunan da ya shafe shekaru yana ginawa a kasuwa.

Saboda haka, Alhaji, kafin a ɗaure kaya a juya kwalbar a karanta. A nemi lamba mai alamar % da kalmar vol. a bayanta, ita ce ma'aunin barasa. Kalmar bière giya take nufi, boisson maltée kuma abin sha na malta. Akwai wani tarko guda: a dokar Faransa ana iya rubuta bière sans alcool, wato giya marar barasa, a jikin abin da ke da barasa har kashi 1.2 cikin 100, don haka kayan da aka shigo da su daga can a duba lambar, kada a tsaya ga kalmar. Sai kuma ranar lalacewa, wadda ke biye da rubutun à consommer de préférence avant. Malta ba ta son rana. Kiret ɗin da ya yi mako a bayan tirela tsakanin Garwa da Mubi cikin watan Afrilu yakan iso da ɗanɗanon da ya dakushe, ko da kwanan watansa bai cika ba.