Ranar da Sabis Ya Ɗauke a Kanada

Da asubahin Juma'a, 8 ga Yulin 2022, sabis ɗin kamfanin Rogers ya ɗauke ɗif a faɗin Kanada. Mutum fiye da miliyan 12 suka wayi gari ba kira ba intanet, wasu har washegari. Masu shaguna suka liƙa takarda a ƙofa cewa sai da tsabar kuɗi, domin Interac, tsarin da ake biya da katin banki ta cikinsa, a kan layin Rogers yake a lokacin. Jama'a suka cika shagunan shan kofi suna laluben Wi-Fi. Mafi muni, wasu sun kira 911, lambar agajin gaggawa, kiran bai shiga ba. Hatta CRTC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa, wayoyin ofishinta sun mutu a ranar.

Ba 'yan kutse ba ne, ba kuma guguwa ba. Ma'aikatan kamfanin ne, garin sabunta tsari, suka goge wani umarni mai tace bayanan da ke shiga manyan na'urorin rarraba saƙo. Bayanai suka yi musu ambaliya, suka tsaya cak. Da yake wayar hannu da intanet na gida duk a kan ginshiƙi ɗaya aka ɗora su, tare suka faɗi. Abin dariya abin takaici, su kansu injiniyoyin da layin Rogers suke aiki, sai da aka nemo musu sim na wasu kamfanoni kafin su iya jin juna sosai.

Gwamnati ba ta tsaya jiran "a yi haƙuri" ba. Bayan kwana uku, ministan masana'antu na lokacin, François-Philippe Champagne, ya tara shugabannin manyan kamfanonin sadarwa, ya ba su kwana 60 su cimma yarjejeniyar taimakon juna. CRTC ta ba Rogers kwana 10 ya kawo bayani a rubuce. Ranar 25 ga Yuli shugaban kamfanin, Tony Staffieri, ya zauna gaban kwamitin majalisa yana shan tambayoyi.

Rogers ya yafe wa abokan cinikinsa kuɗin kwana biyar. Wannan ai share hawaye ne kawai. Bai mayar wa mai shago cinikin yininsa ba, balle wanda ya nemi motar asibiti bai samu ba. Abin da ya fi amfani shi ne yarjejeniyar da aka sanya wa hannu a Satumba: idan layin wani kamfani ya faɗi, abokan hamayyarsa za su ɗauki kiran gaggawa na mutanensa, su kama masa aiki, a kuma sanar da hukuma da jama'a halin da ake ciki. Rogers ma ya yi alkawarin raba wayar hannu da intanet na gida, kowanne da ginshiƙinsa.

Rahoton binciken da CRTC ta sa kamfanin Xona Partners ya yi, wanda ya fito a 2024, ya tono abin da Rogers ba zai yi gaggawar faɗa da bakinsa ba. Da farko an ɗauki aikin sabunta tsarin a matsayin mai babban haɗari, amma ganin matakan farko sun tafi lafiya, sai aka sauke matakin da ya jawo ɓarnar zuwa mai ƙaramin haɗari, aka sassauta dubawa. Ba don hukuma ta tura masu bincike daga waje ba, da wuya mai biyan kuɗin layi ya ji wannan.