Abubuwan da ya kamata ka sani game da tara motocin farko-farko

A Turai da Amurka akwai masu zuba maƙudan kuɗi a kan motocin da suka haura shekara 120. A wannan kasuwa, shekarar ƙira ce ke yanke daraja.

Wace mota ce ta farko-farko?

A Birtaniya, rukunin da ya fi kowanne tsufa shi ne motocin da aka ƙera kafin 1905. Wasunsu da fetur suke tafiya, wasu da tururi, wasu da batir. Akwai waɗanda ko sitiyari ba su da shi, da sanda ake juya su.

Me ya sa 1905 ta zama iyaka?

Dalilin shi ne jerin gwanon tsofaffin motoci da ake yi daga Landan zuwa Brighton a Lahadi ta farko a watan Nuwamba, tafiyar kusan mil 60. Asalinsa tun 1896 ne, lokacin da masu motoci suka fito murnar dokar da ta ɗaga iyakar gudu daga mil 4 a awa zuwa 14. A 1927 aka farfaɗo da shi. Motar da aka ƙera kafin 1905 kaɗai ke shiga, saboda haka ƙirar 1904 kan fi ƙanwarta ta 1905 tsada nesa ba kusa ba, ko da kamarsu ɗaya.

Yaya ake tabbatar da shekara?

Ƙwararru kan duba lambar inji da ta shasi, su gwada da tsofaffin takardun kamfani, sannan su ba da takardar shaida. Ƙungiyar Veteran Car Club, wadda aka kafa a 1930, ta daɗe tana wannan aiki.

Nawa ake sayen su?

A 2011, an yi gwanjon wata De Dion-Bouton mai tururi, ƙirar 1884, a Amurka kan dala miliyan 4.6.

Ina wahalar take?

Kayan gyaransu ba sa kasuwa, sai an sa maƙeri ya ƙera. Da hannu ake tayar da yawancinsu, birkinsu kuma ba shi da ƙarfi. Ga kuma tsaka mai wuya: hawan mota na cinye ƙarafanta na asali, sauya su da sababbi kuma na rage mata daraja.