Farar hoda da ke cinye tururin maganin wankin presin

Duk wadda ta taɓa karɓo shaddarta ko babbar rigar maigida daga presin ta san wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi da kan tashi in an buɗe leda. Idan injin na wanki ba da ruwa ba ne, sau da yawa warin wani magani ne da Faransawa ke kira ferkulo. Yana da ɗan'uwa, tirikulo, wanda masana'antu suka daɗe suna wanke maiƙon ƙarfe da shi. Dukansu akwai sinadarin kulorin a cikinsu, suna narkar da maiƙo nan take, kuma suna tashi cikin iska ba a gani.

Matsalar ke nan. Mai shaƙar su kullum yakan yi fama da jiri da ciwon kai, daga baya abin ya taɓa hanta da ƙoda. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon, ta tabbatar tirikulo na jawo ciwon dajin ƙoda, ta kuma sa ferkulo cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawo daji. A shekarar ce Faransa ta yi dokar fitar da injinan ferkulo daga shagunan da ke manne da gidajen mutane, wa'adin ya cika a farkon 2022.

To, in tururin ya riga ya shiga iska fa? A nan wata farar hoda ta shigo, titaniyom diyokisid, wadda ba baƙuwa ba ce a kasuwa: ita ke sa farin fenti ya yi fari tas. A 1972 wasu masana biyu na Japan, Fujishima da Honda, suka nuna cewa idan haske ya bugi wannan sinadari yana iya raba ruwa gida biyu. Wajen 1990 masu bincike a Amurka suka gwada shi a kan tururin tirikulo, suka ga yana farfasa shi da sauri.

Ga yadda ake yi. A shafa hodar a jikin raga ko bututun gilashi, a haska ta, sai fanka ta turo gurɓatacciyar iskar ta bi ta kai. Hasken na zaburar da hodar, ita kuma ta sa iska da laimar da suka taɓa ta su zama masu ci kamar wuta, amma ba harshen wuta, ba zafi. Idan aiki ya kai ƙarshe, abin da ke saura shi ne irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, da wani asid da ake tarewa a cikin ruwa. Hodar kanta ba ta ƙarewa, kamar dillaliya ce: a yi ciniki a watse, tana nan zaune.

Mai karatu zai ce mu da rana ta yi mana yawa ai mun huta. Da sauƙi dai. Hodar ba ta amfani sai da wani ɓangaren hasken da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa galibi da fitilu na musamman ake aikin.

Babban haɗarin kuwa shi ne aikin rabi da rabi. Binciken da aka yi a Amurka a 1993 ya nuna cewa in tururin ya wuce bai gama farfashewa ba, yakan haifar da fosjin, gubar da aka hallaka sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saboda haka dole a sa matattara bayan hodar, a kuma riƙa auna iskar da ke fita. A ganina duk ɗan kasuwar da aka kawo wa ƙaramin injin tace iska aka ce yana maganin irin wannan tururi, ya fara tambayar ina matattarar take.

Wannan gubar tana iya tashi ko a garejin walda, idan tartsatsin walda ya haɗu da ƙarfen da aka wanke da irin waɗannan magunguna bai bushe ba. Kayan presin kuma, a cire su daga leda a shanya a tsakar gida su sha iska kafin a sa su cikin akwati ko ɗakin da yara ke kwana.