Akwatin Kallo A Ɗakin Uwargida: Ki Haɗa Shi, Ki Kulle Shi, Ki Gyara Shi Da Kanki

A wannan watan ina so mu zauna mu yi maganar wani ɗan ƙaramin baƙin akwati, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, da ya fara samun wurin zama kusa da talabijin a gidajenmu, tun daga cikin garin Tambuwal har Dogondaji da Kebbe.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, bayan sallar layya na je Kebbe ziyara wajen wata aminiyata da muka yi karatu tare. Maigidanta ya sawo musu irin wannan akwati daga Sakkwato, mai shago ya ce masa an riga an loda masa komai, kallo kyauta har abada. Ita baiwar Allah ko kunna shi ba ta iya ba, ɗanta mai shekara 12 shi ne mai riƙe rimot. Wani dare ta tashi nafila, sai ta hango haske a falo. Abin da ta tarar yaron yana kallo har yau ba ta iya faɗa mini da baki ba, hawaye kawai take yi. Ta ce za ta saka akwatin a turmi ta daka. Na ce ta yi haƙuri, idan ta daka wannan gobe maigida zai sawo wani. Muka kira ƙanenta da ya koyi aikin kwamfuta, muka wuni muna koyo. Abin da na koya ranar, da wanda na gwada a gidana daga baya, shi na kawo miki.

Mene ne wannan akwati?

'Yar'uwa, kada girman sunansa ya ba ki tsoro. Wayar hannu ce mai Android wadda aka cire wa fuska, talabijin ɗinki ta zama fuskarta. Duk abin da waya ke buɗewa shi ma yana buɗewa, mai kyau da marar kyau. Bambancinsa da faifan CD da muka saba da shi a dā shi ne, faifai abin da kika saka shi zai nuna, shi kuwa wannan idan aka jona shi da intanet ƙofarsa ba ta da iyaka.

Manhajar da aka fi sakawa a cikinsa don tsara kallo da sauraro ita ce Kodi. Wasu masu sa kai ne suka fara ta tun farkon shekarun 2000 don na'urar wasa ta Xbox, aka daɗe ana kiranta XBMC, sai a 2014 aka sauya mata suna zuwa Kodi. Kyauta ce, kuma ba ta zuwa da fim ko ɗaya. Kamar sabuwar kwabet take, abin da kika jera a ciki shi za a gani. Matsalar tana zuwa ne daga wasu ƙananan manhajoji da masu shago ke liƙa mata, masu jawo finafinai da tashoshin da aka sato ba da izinin masu su ba. Abin da ake nufi ke nan da "an loda". Ta nan batsa ke shigowa, ga kuma haƙƙin mutane da ake ci, ciki har da na masu shirya finafinanmu na Hausa da suka zuba dukiyarsu.

Akwai wani haɗarin kuma. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa miliyoyin na'urori masu arha, ciki har da irin waɗannan akwatuna, suna ɗauke da muguwar manhaja da ake kira BADBOX, wasu ma tun kafin su bar hannun masu ƙera su. Ɓarayin intanet na amfani da su su aikata zamba ta layin mai gida ba da saninsa ba. Alamomin da aka ambata sun haɗa da akwatin da ba a san kamfaninsa ba, da wanda ake tallarsa da alƙawarin kallo kyauta, da wanda zai nemi a kashe kariyar Google mai suna Play Protect. Don haka idan maigida zai saya, ki roƙe shi ya nemi mai sunan kamfani sananne, kuma ya ce a ba shi wanda ba a loda ba.

Haɗa shi

Wayoyi biyu ne kawai. Ɗaya ta wuta, ɗaya mai faɗin baki da ake kira HDMI wadda ke shiga bayan talabijin. Idan talabijin ɗin tsohuwa ce mai ƙeya, wasu akwatunan suna da ƙaramin rami na wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Sai ki ɗauki rimot ɗin talabijin ki danna Source ko Input, ki zaɓi ramin da kika jona.

Idan akwatin lodadde ne ya riga ya shigo gida, ki fara da wanke shi. Ki shiga Settings na akwatin, ki nemi Reset, ki mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Wannan zai share abin da mai shago ya saka, ko da yake ba ya iya cire cutar da aka gina a cikin na'urar tun asali, shi ya sa akwatin da ba ki yarda da shi ba gara ya zauna ba intanet. Bayan nan ki buɗe wa akwatin data daga wayarki na ɗan lokaci, ki sauke Kodi daga Play Store. Idan ta nemi izinin duba fayiloli, ki ba ta, in ba haka ba ba za ta ga abin da ke cikin filas ba.

Cika shi da abin da kika zaɓa

Shawarata ita ce gidanki ya dogara da filas fiye da intanet. Dalili na farko kuɗi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kuma kallon awa ɗaya yana iya cin giga 1, idan hoton mai tsananin kyau ne har giga 3. Dalili na biyu, duk wadda ke zaune a ƙauyukan Kebbe ta san yadda sabis ke zuwa yana komawa. Na uku kuma, wanda ya fi duka, abin da ke cikin filas ke kika tantance shi.

Ki sayi filas mai giga 32 ko 64 a wurin wanda kika amince da shi, domin akwai na jabu da ke nuna girma amma ba sa riƙe kaya. Ki sa a raba miki shi gida-gida: Alƙur'ani, tafsiri da wa'azi, karatun yara, sai nishaɗi. Wajen Alƙur'ani ki lura da ruwayar da yaronki ke karantawa. Yawancin makarantun allo Warsh ake yi, mu kuma a Islamiyya Hafs muka fi yi, kuma na sha ganin yaro ya rikice a aji saboda abin da yake ji a gida ya saɓa da na malaminsa. Shaihu Mahmud Khalil al-Husary ya karanta duka biyun, ga kuma karatun Shaihu Minshawi wanda yaro ke maimaitawa bayansa, yana taimaka wa mai hadda ƙwarai. Idan kin aika wajen masu tura finafinai a bakin kasuwa, kada ki ce a cika miki da sababbi. Ki rubuta sunayen abin da kike so a takarda, kuma ki duba shi ke kaɗai kafin yara su gani.

Ki soka filas ɗin a jikin akwati, ki buɗe Kodi, ki shiga Videos, sai Files, sai Add videos, sai Browse, ki nuna mata inda finafinan suke. Haka za ki yi a Music don karatun murya. Sau ɗaya ake yi, ba kullum ba.

Makulli

A saman fuskar Kodi akwai alamar ƙarfe mai haƙora, irin wanda sarƙar keke ke bi. Ki danna ta, ki shiga Interface, ki nemi Master lock. Idan ba ki gan shi ba, a can ƙasa gefen hagu ki sauya Basic zuwa Advanced. Ki zaɓi lambar sirri, kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwar wani a gidan. Daga nan za ki iya kulle wurin saiti da wurin ƙara manhajoji. Sannan ki shiga System, sai Add-ons, ki tabbatar Unknown sources a kashe yake, domin ita ce ƙofar da kayan sata ke bi.

Amma zan gaya miki gaskiya, wannan makulli Kodi kaɗai yake tsarewa. Yaro yana iya danna maɓallin gida a rimot ya fita zuwa YouTube ko wata manhajar. Saboda haka ki cire duk manhajar da ba ku buƙata, ki kunna Restricted Mode a YouTube, kuma kada ki bar akwatin ya riƙe lambar shiga datar wayarki. Ki sani kuma babban yaro mai waya yana iya jona shi da tasa. Idan wata rana kika buɗe Kodi kika tarar makullin ya ɓace, kayanki sun watse, to wani ya share ta ne da gangan, sai a zauna a yi magana. Makullin da ba ya ƙarya shi ne cajar akwatin ta kwana a ɗakinki.

Idan ya ƙi aiki

Yawancin matsalolinsa ba su kai a ɗauke shi zuwa shago ba, kuma duk lokacin da ya je shago yana iya dawowa da lodin da ba ki nema ba. Kafin komai, ki zare shi daga wuta, ki jira minti ɗaya, ki mayar.

Idan talabijin ta rubuta No signal, ba lalacewa ya yi ba. Ko wani ya sauya Source, ko wayar HDMI ta saki. Ki zare ta, ki hure ƙurar hunturu daga ramin, ki mayar.

Idan yana kashe kansa yana sake tashi, ki tuhumi caja ko ƙarancin wuta. Yawancinsu cajar bolt 5 suke ci, kuma an rubuta abin da yake buƙata a ƙarƙashinsa. Kada a jona masa kowace caja don bakinta ya shiga. Mai janareta ko sola ta bari wuta ta daidaita kafin ta kunna shi.

Idan yana tsayawa cak da rana, zafi ne. Kin san bazarar Sakkwato, a watan Afrilu ma'aunin zafi yana wuce 40. Mu mata muna son rufe kayan kallo da leshi, shi kuwa ta ƙananan ramukan jikinsa yake shan iska. Ki yaye masa, kada ki ɗora shi a kan dikoda ko wani abu mai zafi.

Idan ga data amma ya ce ba intanet, musamman bayan an ɗauke wuta, ki duba kwanan wata da lokaci. Da yawa daga cikinsu ba su da batirin agogo, sai su koma wata tsohuwar shekara, shafuka kuma su ƙi buɗewa. Ki gyara lokacin a Settings.

Idan bai ga filas ba, ki gwada ɗaya ramin, ki kuma duba izinin da na faɗa a sama. Idan babban fim ne ya ƙi shiga filas alhali da wuri, tsarin filas ɗin ne. Wanda ake kira FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Mai kwamfuta zai iya sauya shi zuwa exFAT, amma ya kwashe kayanki tukuna, don sauyin yana share komai.

Idan murya na fita hoto yana tsalle, fim ɗin ya fi ƙarfin akwatin, ki nemi a ba ki mai sauƙi, kamar 720. Idan baki da murya ba sa tafiya tare, ana cikin kallo ki danna OK, ki shiga saitin murya, ki ja Audio offset har su daidaita. Idan ba murya sam, ki kashe Allow passthrough a saitin Audio.

Idan ya yi nauyi, cikinsa ne ya cika, domin masu arha giga 8 kawai suke da shi. Ki shiga Settings na akwatin, sai Apps, sai Kodi, ki danna Clear cache. Ki yi hattara da maƙwabcinsa Clear data, shi yana share komai har da makullinki. Sai ranar da kika manta lambar sirri za ki taɓa shi, ki sake farawa daga farko.

Doka kafin na'ura

'Yar'uwa, duk wannan ba zai yi amfani ba sai ke da maigida kun haɗa baki. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki nuna masa abin da kika koya, ba da zargi ba, tunda don ya faranta muku ya sawo. Ku ajiye akwatin inda kowa ke wucewa, ban da ɗakin samari. Ku yanka lokaci: a gidana ba a kunnawa sai an dawo daga Islamiyya an yi muraja'a, kuma da kiran salla ake kashewa. Ki riƙa zama da su kina tambayarsu me suka fahimta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A wannan ƙasa tamu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis suna kai ilimi har cikin gidajen matan ƙauye. Mu jikokin 'yan taru bai dace ƙaramin akwati ya gagare mu ba. Aminiyata ta Kebbe yanzu ita ke riƙe da lambar sirri, kuma yaron nan shi ke taya ta jera surori a filas. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa za a tambayi mace kiwon da aka ba ta a gidan mijinta. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana, Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.