Tagulla a Gaban Kwastan: Lamba Shida Mai Yanke Hukunci

Yau shirin namu zai leƙa bakin tashar jiragen ruwa ne, inda ake tsayar da kwantena a buɗe ta, a tambayi mai kaya: mene ne wannan? Kayan da za mu duba kuwa shi ne tagulla, wadda ba a riga an ƙera komai da ita ba, tana nan a curi kamar yadda ta fito daga tukunyar narki.

Mu Hausawa, da mun ga ƙarfe mai ɗan ja-ja ko rawaya-rawaya, sai mu ce tagulla. Munduwar kaka tagulla ce, tasar da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi tagulla ce, ɗan wasan da ya zo na uku ma lambar tagulla ake rataya masa. Kalma ɗaya ta ishe mu a gida da kasuwa. Amma ma'aikacin kwastan ba ya aiki da ita, lamba yake nema.

Lambar nan ta samo asali ne daga wani kundi da Hukumar Kwastan ta Duniya, mai hedikwata a Brussels ta ƙasar Beljiyam, take kula da shi. An fara aiki da shi a farkon shekarar 1988, kuma kusan duk ƙasashen duniya da shi suke rarrabe haja. Kowane kaya yana da lamba shida. Biyun farko babi ne, kuma babi na 74 na jan ƙarfe ne da duk abin da aka haɗa da shi. A cikinsa, 7403 shi ne gidan wanda ba a sarrafa ba. Daga nan sai hanya ta rabu: jan ƙarfen da aka gauraya da tutiya yana 7403.21, wanda aka gauraya da kuza kuma yana 7403.22. Wannan na biyun shi ne maganarmu ta yau. Ƙasashen ECOWAS kuma suna ƙara lamba huɗu a baya, ta zama goma.

To, in curin yana ɗauke da kuza da tutiya duka fa? Ai yawanci haka abin yake, har da ɗan dalma a ciki. Kundin ya tanadi amsa, kuma ina roƙon masu sana'ar nan su kasa kunne sosai. Ƙa'idar shiga 7403.22 ita ce kuza ta fi kowane ƙarfen da aka ƙara nauyi. Sai dai in kuzar ta kai kashi 3 cikin 100 ko ta haura, to ko tutiya ta fi ta yawa, curin yana nan a 7403.22, muddin tutiyar ba ta kai kashi 10 ba. Kun ji inda gizo ke saƙar. Curi biyu ne a gabanka, launinsu kusan ɗaya, in ka ƙwanƙwasa su kusan amo ɗaya suke bayarwa, amma a takarda kowanne da gidansa.

Na taɓa tsayawa a wata ma'ajiyar ƙarfe ina kallon yadda ake gwajin. Wani matashi ya ɗauko zarto ya ɗan kankare gefen curin har hasken cikinsa ya bayyana, ya ɗora masa wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga. Cikin 'yan daƙiƙoƙi allonta ya jero abin da ke ciki, jan ƙarfe kaza, kuza kaza, tutiya kaza. Dattijon da ya kawo kayan, wanda ya yi shekaru yana gane ƙarfe da ido da kunne, ya leƙa allon ya ce, "Ikon Allah! Yaro, ashe abin nan har cikin ƙarfe yake gani?" Gaskiya idon dattijon ba ya kuskure wajen sanin mai kyau da maras kyau, amma kwastan rubutacciyar shaida suke karɓa, wato takardar gwaji daga masana'antar da ta narka kayan.

Bayan tambayar me ke ciki, sai ta biyu: ina aikin ya tsaya? In an narka an zuba a mazubi ya daskare kawai, yana 7403. Da zarar an murza shi ya zama sanda, ya koma 7407. In an daddale shi ya zama faranti, 7409. In kuwa an zuba shi ya fito ƙararrawa ko ɗan mutum-mutumin ado, ya bar babin gaba ɗaya, ya tafi 8306.

Wani zai ce, duk wannan wahalar ta mece ce? Ta kuɗi ce. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS suke da jadawalin kuɗin fito na bai ɗaya mai hawa biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Ɗanyen kaya yana ƙasa-ƙasa, wanda aka gama ƙerawa yana sama, don a ƙarfafa wa masana'antun gida gwiwa. Mu ƙaddara kayanka na naira miliyan 40 ne. A hawan kashi 5, miliyan 2 za ka biya. A hawan kashi 20, miliyan 8. In kuma lambar da aka rubuta a Form M, wato takardar shigo da kaya, ta saɓa da abin da aka tarar a kwantena a tashar Apapa ko Tin Can, sai a riƙe kayan, kuɗin ajiya yana hauhawa kullum, injin da ke jiran kayan a Kano ko Kaduna yana zaune. Abin da ke damuna shi ne yawancin 'yan kasuwarmu sun sakar wa ejan wannan magana kacokan, alhali sunansu ne a kan takardar, kuma su za a bi bashin. Tun 2024 Hukumar Kwastan ta Najeriya ta buɗe hanyar da mutum zai nemi a yanke masa hukunci a rubuce kan lambar kayansa kafin su baro ƙasar da aka sayo su. Mai shigo da tagulla ya kamata ya san da wannan ƙofa.

Wajen fitar da kaya kuwa, maganar ta fi zafi. Tarkacen jan ƙarfe, irin wanda 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suke tarawa, lambarsa 7404, kuma Najeriya ta haramta fitar da tarkacen ƙarfe. Amma in aka narka tarkacen nan aka zuba shi ya zama curi, a idon kundin ya tashi daga 7404 ya koma 7403. Ga mai ƙaramar masana'antar narki, wannan halattacciyar sana'a ce, tana ciyar da gidaje da yawa. Sai dai wuta ba ta tambayar asalin abin da aka jefa mata. Wayar taransifoma da aka sace a unguwa aka bar mutane cikin duhu, da tsohuwar tukunyar da aka saya da halas, duk curi ɗaya suke zama. Ni a ganina, bai isa a duba lamba kaɗai a bakin tasha ba, sai an riƙa tambayar mai narki inda ya samo kayansa.

Kada kuma mu ɗauka cinikin ƙarfen nan baƙon abu ne a ƙasarmu. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takadda, a cikin Nijar ta yau, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda, ana cefane da shi, ana kuma kai shi Gobir da Borno. Kuza kuwa tun kafin zuwan Turawa ake narka ta a Ririwai. Su ma shahararrun kayan tagullar Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, da aka gwada su sai aka tarar yawancinsu haɗin tutiya ne. Da ɗanyen curinsu zai zo gaban kwastan yau, 7403.21 za a rubuta masa. Na Igbo-Ukwu, waɗanda suka girme su da ɗaruruwan shekaru, su ne masu kuza a ciki.

A nan za mu dasa aya.